Jakada wa yake yi wa aiki: gwamnati mai ci ko ƙasa?

Tambaya: Malam, ina yawan jin tsofaffin jakadu suna cewa su ƙasa suka yi wa aiki, ba jam'iyya ba. To amma shugaban ƙasa ne ke naɗa su, shi ke sauke su. A aikace wa jakada yake wakilta? Kuma in gwamnati ta sauya, ko kan ƙasar ya rabu, yaya yake yi?

Ɗan'uwa, maganar tasu gaskiya ce, sai dai ba yadda mutane suke ɗaukarta ba. Jakada ƙasa yake wakilta, amma ƙasa ba ta magana sai ta bakin gwamnatin da ke kan mulki. Daga gwamnati umarni yake zuwa, shi kuma ya isar ko ransa yana so ko ba ya so. Hidimarsa ga ƙasa a wuri biyu take bayyana: gaskiyar rahoton da yake aikawa gida, da kuma yardar da mutanen da yake zaune cikinsu suka yi cewa abin da ya faɗa shi gwamnatinsa za ta aikata. In ɗaya daga cikin biyun nan ya lalace, sauran aikin liyafa ce kawai da ɗaukar hoto.

Yadda ake naɗa shi ma ya nuna haka. Dokar da kusan duk ƙasashen duniya ke bi ita ce Yarjejeniyar Viyana kan hulɗar jakadanci ta 1961, wadda ta fara aiki a 1964. Sashe na 4 ya ce kafin a tura mutum sai an nemi yardar ƙasar da za ta karɓe shi. Ana aika sunansa da tarihin aikinsa a asirce, a jira. Ƙasar tana iya ƙi, kuma ba dole ba ne ta faɗi dalili. Yawanci ma ba ta cewa a'a, shiru take yi, makonni su zama watanni, har mai aikawa ya gane ya janye sunan. Kuskuren da ake yawan tafkawa a nan shi ne a sanar wa 'yan jarida inda za a tura wane tun amsa ba ta zo ba. Ƙasar da aka yi wa haka tana ɗaukarsa raini, kuma in ta ƙi, mutumin ya ji kunya a bainar jama'a.

Bayan yarda ta samu, sai shugaban ƙasa ya sa hannu a takardun kama aiki, wato wasiƙa daga shugaba zuwa shugaba mai cewa a gaskata abin da wannan mutum zai faɗa da sunana. Tare da ita akan haɗa wasiƙar janye wanda ya gada. In ya sauka, ya fara kai kwafi ma'aikatar harkokin waje, sannan ya jira ranar da zai miƙa ta asali ga shugaban ƙasar. Tsakanin nan yana takatsantsan: a ƙasashe da yawa ba ya neman ganin manyan shugabanni, ba ya hira da 'yan jarida. Ranar da sa'ar da ya kama aiki su ke tsayar da matsayinsa a jerin jakadu, kamar yadda sashe na 16 ya tanada, ba girman ƙasarsa ba. Shi ya sa za ka ga jakadan ƙaramar ƙasa yana zaune gaba da na Amurka a wurin biki. Abin lura a nan: wasiƙar daga shugaban ƙasa take, ba daga shugaban jam'iyya ba, kuma sauyin gwamnati ta hanyar zaɓe ba ya soke ta da kansa. Jakada na nan daram har sai an kira shi gida.

Yanzu ga yadda umarni yake tafiya, don nan ne mutane ba sa gani. A ce gwamnati tana son wata ƙasa ta mara mata baya a wata ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya, ko tana son nuna ɓacin rai kan yadda aka wulaƙanta 'yan ƙasarta. Ma'aikata za ta aiko da saƙo ta layin sirri mai ɗauke da abu uku: wanda za a gani, abin da za a faɗa, da ranar da ake son amsa. Ofishin jakadanci sai ya nemi ganawa ta takardar hukuma, irin wadda ake rubutawa da sunan ofishi zuwa ma'aikata, ba "ni" ba "kai", ba cikakken sa hannu sai hatimi da harufan farko na suna. Jakada ba ya zuwa shi kaɗai. Yana tafiya da ƙaramin jami'i wanda aikinsa rubutu kawai, domin gobe kada a ce ba haka aka ce ba. Ya faɗi abin da aka aiko shi da shi ba ƙari ba ragi, wani lokaci ya bar musu takarda marar kan wasiƙa marar sa hannu mai ɗauke da bayanan, don kada maganar ta sauya kafin ta kai ga minista. In an yi masa tambayar da ba ta cikin umarninsa, amsar ita ce zai mayar gida ya dawo da jawabi. Daga nan ya koma ofis, a rubuta rahoto a ranar, tun kalmomin ba su dusashe ba.

Wurin nan na tambayar da ba a shirya mata ba shi ne inda jakadu suke faɗawa rami. A ranar 25 ga Yuli 1990 aka kira jakadiyar Amurka a Bagadaza, April Glaspie, ta gana da Saddam Hussein ba shiri. Cikin abin da ta faɗa akwai cewa ƙasarta ba ta da matsaya kan saɓanin iyaka tsakanin Larabawa, irin na Iraƙi da Kuwait. Matsayar gwamnatinta ta dā ta maimaita, ba ƙirƙira ta yi ba. Ranar 2 ga Agusta sojojin Iraƙi suka shiga Kuwait. Har yau ana gardama ko maganarta ta yi tasiri, kuma a ganina an ɗora mata fiye da rabonta. Darasin da masu aikin suke ɗauka shi ne, in yanayi ya sauya gida ba ta sabunta umarni ba, tsohuwar magana tana iya ɗaukar sabuwar ma'ana, kuma wanda ya furta ta shi za a riƙe.

Rahoto kuwa shi ne rabin aikin da ya fi wuya. Sashe na 3 na yarjejeniyar ya halatta wa jakada ya binciki halin da ƙasar ke ciki ta hanyoyin da doka ta yarda, ya sanar da gwamnatinsa. Rahoto mai kyau yana da taƙaitawa a sama, layi huɗu ko biyar, saboda minista ba zai wuce nan ba. Sai bayani: wa ya faɗa, yaushe, shi da kansa ya gani ko ji ya yi, kuma wace riba yake nema da ya gaya mana. Sai a ƙarshe ra'ayin ofishi, a ware shi dabam don kada hasashe ya gauraya da labari. Cutar da ke kama rahoto iri biyu ce. Ta farko, rubuta abin da fadar shugaban ƙasa ke son ji: ana ƙaunarmu, ziyarar ta yi armashi, bashin da muka nema yana hanya. Ta biyu, jakada ya daɗe a wuri har ya koma lauyan masu masaukinsa, kullum yana ba su uzuri. Saboda wannan ta biyun ne yawancin ma'aikatu suke juya jami'ansu bayan shekara uku ko huɗu, su dawo da su hedikwata na wani lokaci kafin a sake tura su.

Faɗin gaskiya a rahoto yana tsayawa ne a kan sirri. A Yulin 2019 aka fallasa saƙonnin jakadan Birtaniya a Washinton, Kim Darroch, waɗanda a ciki ya bayyana gwamnatin Trump da rashin iya aiki. Aikinsa ya yi, don haka aka aike shi. Amma da Trump ya ce ba zai ƙara hulɗa da shi ba, cikin kwanaki ya ajiye muƙamin. Ba a kore shi a hukumance ba, ƙofofi ne suka rufe. Illar irin wannan fallasa ba ta tsaya kan mutum ɗaya ba: duk jami'in da ya ga haka zai fara tauna kalmominsa, rahotanni su koma ruwa-ruwa, gwamnati ta riƙa yanke shawara a kan labarin da aka tace.

To in jakada bai yarda da manufar gwamnati ba fa? Hanyoyi uku gare shi, kuma a jere suke. Ya yi gardama a cikin gida, a rubuce, kafin a yanke hukunci. In an yanke, ya aiwatar da zuciya ɗaya. In lamirinsa bai ɗauka ba, ya ajiye aiki, sannan ya yi magana a matsayin ɗan ƙasa. Abin da ba shi da hurumi shi ne ya zauna kan kujera yana yi wa manufar zagon ƙasa, ya isar da saƙo da baki yana ƙifta ido cewa kada a ɗauka da gaske. Mai yin haka ya kashe amfanin ofishin ga duk wanda zai zo bayansa. Amurka ta buɗe wata hanya ta musamman a 1971 da jami'i zai aika ƙorafinsa kan manufa kai tsaye zuwa manyan ma'aikata. A watan Afrilun shekarar, Archer Blood, shugaban ƙaramin ofishin jakadancinsu a Daka, ya mara wa jami'ansa baya suka aika saƙon suka kan shirun da gwamnatinsu ta yi game da kisan da sojojin Pakistan ke yi a gabashin ƙasar, wato Bangaladash ta yau. Ba a daɗe ba aka janye shi daga Daka. Hanyar tana kare mutum a takarda, ba ta hana a tuna da shi ranar ƙarin girma. Wasu sun zaɓi hanya ta uku, wato ajiye aiki: John Brady Kiesling ya bar ofishin Amurka a Atina a 2003 saboda yaƙin Iraƙi, Boris Bondarev ya bar tawagar Rasha a Janeba a 2022 saboda yaƙin Yukren.

Kan batun jakadun siyasa da na ma'aikata ba zan daɗe ba, don an cika zuzuta shi. Ƙasashe da yawa suna haɗa biyun; a Amurka an saba kusan kashi 30 cikin 100 na jakadu daga wajen ma'aikata suke. Ɗan siyasar da zai ɗaga waya shugaban ƙasa ya amsa yana da abin da ƙwararre ba shi da shi, kuma masu masauki sun san haka. Matsalar tana zuwa ne in ya tsallake ma'aikata yana aika rahoto fada kawai, ko ya mai da ofishi reshen jam'iyya, ko ya ƙi jin mataimakinsa wanda ya san ƙa'ida. Wanda ya fi wannan muni shi ne barin kujera ba kowa. A Satumban 2023 Najeriya ta kira jakadunta gida, ofisoshi suka zauna fiye da shekara a hannun masu riƙo. Mai riƙo yana iya tafiyar da biza da albashi da takardu, amma a fadoji da yawa ba ya wuce darakta ko babban sakatare, kuma duk maganar da ke buƙatar kunnen minista sai ta jira.

Sai haɗin kan ƙasa, wanda tsofaffin jakadu ba sa gajiya da ambatonsa. Ba wa'azi suke yi ba, abin da suka gani a teburin tattaunawa suke faɗa. Kowane ofishin jakadanci da ke babban birninku yana rubuta rahoto kan ɓarakarku: wane yanki ke jin an ware shi, wane gwamna ba ya ga maciji da shugaban ƙasa, ko majalisa za ta amince da yarjejeniyar da ake shirin sa wa hannu. Wanda kake tattaunawa da shi ya karanta wannan kafin ka shigo ɗakin. In ya san maganarka ba za ta tsira a gida ba, ba zai sayar maka da komai mai tsada ba, jira zai yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa wasu ƙasashe suka sa abin a doka. Sashe na 171 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce naɗin jakada ba ya tabbata sai Majalisar Dattawa ta amince, kuma shugaban ƙasa ya lura da daidaito tsakanin sassan tarayya da buƙatar ƙarfafa haɗin kai. Hikimar a fili take: ɗan ƙasa da ya shiga ofishi neman fasfo ya kamata ya ji ofishin nasa ne. Inda ake ɓata ta shi ne a cika gurbin jiha da wanda bai iya rubuta shafi guda na rahoto ba, alhali jihar tana da waɗanda suka iya.

A cikin ofishin kansa ma ɓarakar gida tana biyo mutane. 'Yan ƙasa mazauna waje sukan kasu ƙungiya-ƙungiya bisa yare ko addini ko jam'iyya, kowace tana son jakada ya zo taronta ya ƙi na wancan. Ƙa'idar da ta fi tsira ita ce ta ɓangaren kula da 'yan ƙasa: wanda aka kama, sashe na 36 na wata Yarjejeniyar Viyana ta 1963, mai magana kan ƙananan ofisoshin jakadanci, ya ba shi damar a sanar da ofishin ƙasarsa in ya nema, a ziyarce shi, a taimaka masa samun lauya. Ba a tambayarsa wa ya zaɓa. Ɗan adawar da ke zagin gwamnati a Facebook haƙƙinsa ɗaya da na ɗan minista. Ranar da aka fara riƙe fasfon wani saboda ra'ayinsa, labarin zai zaga, kuma 'yan sandan ƙasar ma za su daina ɗaukar ƙorafin ofishin da nauyi.

In rabuwar kai ta kai ga yaƙi, ofisoshin jakadanci su ma fagen daga ne. A yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, babban aikin jakadun gwamnatin tarayya shi ne hana ƙasashe amincewa da Biyafara. Ƙasashe biyar ne kawai suka amince: Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa da Zambiya a 1968, sai Haiti a 1969. Abin da ya taimaki Legas, mazaunin gwamnatin tarayya a lokacin, shi ne ƙudurin da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta zartar a Alƙahira a 1964 na mutunta iyakokin da aka gada, da kuma tsoron da kowane shugaba ke yi cewa gobe nasa yankin ne zai ɓalle. Kwamitin ƙungiyar a ƙarƙashin Sarki Haile Selassie ya zauna a Yamai a Yulin 1968, aka ci gaba a Addis Ababa. Tattaunawar ba ta tsayar da yaƙin ba, amma ta riƙe batun a hannun Afirka, inda rinjaye ke tare da ƙasa ɗaya. Pakistan a 1971 ta ga akasin haka: jami'anta 'yan asalin gabas suka riƙa sauya sheƙa, har mataimakin jakadanta a Kalkata, Hossain Ali, ya ɗaga tutar Bangaladash a kan ofishin a watan Afrilu.

Juyin mulki shi ne ya fi kowane yanayi rikitar da amsar tambayarka, domin a nan ne "gwamnati" ke zama biyu. Yarjejeniyar Viyana ba ta faɗi wace ce halattacciya ba. Ƙasar da jakada yake zaune ita ke yanke wanda za ta saurara. Duba Nijar a 2023. Bayan kifar da Bazoum a ƙarshen Yuli, sojoji suka sanar da sauke jakadun ƙasar a Faransa, Najeriya, Togo da Amurka. A ƙarshen Agusta suka ba jakadan Faransa, Sylvain Itté, sa'a 48 ya fita. A ƙa'ida, sashe na 9 ya ba kowace ƙasa ikon cewa ba ta maraba da jami'i, a kowane lokaci, ba tare da bayani ba. Faransa ta ce ba ta san masu ba da umarnin a matsayin gwamnati ba, don haka umarnin banza ne. Sojojin ba su kutsa cikin ofishin ba, amma suka tsare hanyoyin shiga da fita. Ƙarshen Satumba jakadan ya tafi. Gardamar doka ba ta ƙare ba, iko da ƙasa ne ya raba ta: jakadan da ba mai ganinsa, ba ya iya fita ƙofa, ba aikin da yake yi.

A Majalisar Ɗinkin Duniya lissafin dabam ne, saboda can kwamitin tantance wakilai mai ƙasashe tara ne ke duba takardu. In takarda biyu suka zo daga ƙasa ɗaya, kwamitin yakan ɗage hukunci, kuma ɗagewar tana barin wanda ke kan kujera ya ci gaba. Haka Kyaw Moe Tun na Myanmar ya tsaya a zauren majalisar a Fabrairun 2021 ya yi tir da juyin mulkin ƙasarsa, sojoji suka ce sun kore shi, amma ya ci gaba da zama. A Satumban 2023 kuma saɓanin takardu ya sa ba wanda ya yi jawabi da sunan Nijar a babban taron. Jakadan Myanmar a Landan, Kyaw Zwar Minn, bai samu wannan sa'a ba. Ya goyi bayan gwamnatin da aka kifar, a Afrilun 2021 ya dawo ofis ya tarar mataimakansa sun kulle ƙofa, ya kwana cikin mota a bakin titi. Birtaniya ta yi Allah wadai, amma da sanarwar sauke shi ta iso a hukumance ta karɓa, kuma 'yan sandanta ba su da ikon shiga ginin su mayar da shi, saboda sashe na 22 ya haramta musu taka harabar ba izini.

Don haka jami'in da ya tsinci kansa a wannan hali lissafi yake yi, ba jarumtaka kawai ba. Wa ke riƙe da ma'aikata da asusun da albashi da kuɗin haya ke fitowa? Wa ƙasar da yake zaune ta amince da shi? Hafsan sojan da ke ofishin da mai kula da layin sirri suna tare da wa? Yawancin ƙwararru sukan zauna su ci gaba da biza, fasfo da ziyarar fursunoni, su rage maganar siyasa har ƙura ta lafa, bisa hujjar cewa 'yan ƙasa suna buƙatar ofishi ko wa ke mulki. Wanda ya zaɓi ya fito ya yi tir ya san abin da ke biye: albashi ya tsaya, a soke fasfonsa na diflomasiyya da na iyalinsa, gidan da yake ciki na gwamnati ne, kuma rigar kariyarsa, bisa sashe na 39, tana ƙarewa in ya bar ƙasar ko bayan ɗan wa'adin da aka ba shi ya tattara kayansa. Daga nan sai neman mafaka kamar kowane baƙo, ga 'yan'uwa a gida waɗanda ba su da kariyar komai.